Kafin A Sa Shebur A Kangayen Zungeru

Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan abin da wasu za su ga bai kai a ɓata masa tawada ba, wato tsofaffin kwalaben da ake tonowa daga ƙarƙashin ƙasa. Ni ma'aikacin jinya ne a garin Barnsley da ke arewacin Ingila, amma a barikin 'yan reluwe na Minna aka yanke mini cibiya, domin mahaifina, Allah ya jiƙansa da rahama, aikin jirgin ƙasa ya yi har ƙarfinsa ya ƙare.

Saƙon ɗan ƙanwata ne ya sa ni wannan rubutu. Shi da abokansa suna kallon wasu Turawa a YouTube suna haƙa rami a tsohon juji suna zaro kwalabe, ana cewa wasu na yin kuɗi mai tsoka. Sun kuma ji cewa akwai fasassun kwalabe masu kauri a wajen kangayen Turawa na Zungeru, shi ne yake tambayar kawunsa ko in sun tono masu lafiya zan samo musu kasuwa a nan. Na ba shi tasa amsar, amma na san ba shi kaɗai ke kallon waɗannan hotuna ba, kuma na san irin zaman kashe wandon da rashin aiki ya jefa matasanmu ciki. Wanda ya kwana da yunwa, in aka ce masa akwai kuɗi a ƙarƙashin ƙasa, ba zai tsaya neman shawarar malamin tarihi ba. Don haka nake so in faɗi abin da na gani da idona a ƙasar masu wannan al'ada, da alherinta da ɓarnarta.

Maƙwabcina wani dattijo ne Bature, tsohon ma'aikacin haƙar kwal, wanda ya kamu da son tonon kwalabe tun shekarun 1970, lokacin da abin ya bazu a Ingila. Ɗakinsa na baya kanta ce a kan kanta, shuɗɗan kwalabe da koraye da ruwan ƙasa, kowace da 'yar takarda manne a gindinta. Shi ya fara kai ni wani fili a bayan gari, da izinin mai gonar, ya nuna mini yadda ake yi.

Dalilin da ya sa ake samun kwalabe da yawa a ƙasarsu ba ɓoyayye ba ne. A zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, da kwal ake girki kuma da shi ake jin ɗumi, saboda haka yawancin sharar gida toka ce. Duk abin da wuta za ta ci an riga an jefa shi a murhu, sai abin da ba ya ƙonewa: kwalba, tangaran, lofen yumɓu, ƙashi. Dokar lafiyar jama'a ta 1875 ta ɗora wa hukumomin garuruwa nauyin kwashe shara, sai kekunan doki suka riƙa kai ta tsofaffin ramukan da aka fasa dutse ko aka ɗebi yumɓun bulo, ana jibgewa har ramin ya cika a rufe da ƙasa. Toka tana da laushi, kwalba ta faɗa cikinta ta kwanta shekara ɗari da ɗoriya ba ta fashe ba. Masu tono suna gane irin wannan wuri ta hanyar kwatanta tsohuwar taswira da sabuwa, su ga inda da akwai rami yanzu babu. Suna kuma lura da wata ciyawa mai ƙaiƙayi da ke son ƙasar juji, da tsingaron da zomaye ke turowa waje daga bakin raminsu. Sannan sai a kawo wata siririyar sandar ƙarfe mai mariƙi a soka ta ƙasa. Hannun da ya saba yakan bambance taurin yumɓu da ƙarar toka mai haɗe da gilashi. A Amurka kuwa, tsohuwar shadda suka fi nema a bayan gidaje, domin kafin a fara kwashe shara a nan matan gida ke jefa kwalaben da suka ƙare. Bayan ƙarni guda abin da ke ciki ya zama ƙasa, kuma suna amfani da tsofaffin taswirorin kamfanonin inshorar gobara don gano inda iyakar kowane gida take.

Kwalbar da ta fi shiga raina ita ce wadda wani mai suna Hiram Codd ya ƙirƙiro a 1872 don lemo mai gas, kuma a nan Barnsley, a masana'antar gilashi ta iyalin Rylands, aka ƙera ɗimbinsu. Ba ta da marfi ko kaɗan. A cikin wuyanta akwai 'yar ƙwallon gilashi, a bakinta kuma zoben roba. Ana cika ta ne a kife, sai ƙarfin gas ɗin ya tura ƙwallon ya manne da robar, shi ke nan ta rufu. Mai sha ya danna ƙwallon ciki, ta faɗa wani ɗan lungu da aka matse mata a wuya don kada ta dawo ta toshe baki. Yara sun fasa su da yawa don su ciri ƙwallon su yi wasa, shi ya sa a juji za ka ga gindi goma kafin ka ga mai lafiya guda. Har gobe ana sayar da lemo a irin wannan kwalba a Indiya da Japan. Abin da ya kore ta a Turai shi ne marfin kwano mai haƙora da muka sani a kwalbar lemo, wanda William Painter ya ƙirƙiro a Amurka a 1892.

Dattijon ya koya mini sanin shekarun kwalba daga jikinta. Lokacin da ake hura ta da baki a cikin mazubi, sai an gama jikin ake gyara bakin da hannu, don haka layin da mazubin ya bari a gefenta yakan ɓace kafin ya kai leɓe. Da Michael Owens ya fito da injin yin kwalba a 1903 a garin Toledo na Amurka, sai layin ya zama yana hawa har saman baki, ko da yake an ɗauki shekaru kafin injin ya game ko'ina. In ka ga tabo mai kaushi a tsakiyar gindi, wurin da aka ɓalle sandar da aka riƙe ta da ita tana da zafi, to galibi ta girmi shekarun 1860. Akwai kuma farar kwalbar da aka sa wa sinadarin manganis don ta yi garau, wadda in ta daɗe a rana sai ta koma launin shunayya mai ja-ja, ita ma yawanci kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya aka yi ta.

Amma inda abin ya taɓa ni a matsayina na ma'aikacin jinya shi ne kwalaben magani. Akwai shuɗɗa masu tsaga-tsaga a jiki, an zana musu gargaɗin kada a sha. Na guba ne, irin maganin kashe ƙwari da na shafawa. An yi musu tsagar ne domin a gidan da ba lantarki, uwar da ta tashi cikin dare tana lalube ta ji a yatsunta cewa wannan ba maganin tari ba ne. Akwai kwalaben shayar da jarirai masu doguwar tiyo ta roba, wadda ba a iya wanke cikinta, madara ta ruɓe a ciki ta haifar da gudawar da ta kashe jarirai ba adadi, har Faransa ta haramta su a 1910. Akwai kuma ƙananan kwalaben ruwan zaƙi da ake ɗura wa jariri don ya yi barci, irin su Godfrey's Cordial da Mrs Winslow's Soothing Syrup, waɗanda a cikinsu akwai ofiyom ko mofin, magunguna masu sa maye da barci. Matan da ke aikin masaƙa tun asuba har dare su ne manyan masu sayensu, domin wadda aka bar wa renon yara da yawa ba ta da hanyar sa su shiru sai wannan. Ran da na ga irin waɗannan kwalabe suna fitowa ɗaya bayan ɗaya daga jujin unguwar talakawa, jikina ya yi sanyi. Na tuna magungunan da ake tallarsu a tashoshin motarmu ba takarda ba awo, ana cewa suna maganin cuta arba'in. Babu littafin da ya rubuta sunayen waɗannan mata, amma jujinsu ya adana irin wahalar da suka sha da irin dabarar da suka yi wa kansu.

Masana ma sun tabbatar da wannan. Wani malami a Jami'ar Arizona, William Rathje, ya fara binciken sharar gidajen birnin Tucson a 1973, yana kwatanta abin da mutane suka faɗa da baki da abin da aka samu a bolarsu. Ya tarar ana rage yawan giyar da aka sha in ana ba da labari, amma gwangwanaye da kwalabe suna nan ana ƙirga su.

To, maganar kuɗi. Gaskiya ce akwai kwalaben da ake gwanjonsu da tsada, kuma a ƙauyen Elsecar kusa da mu ana taron masu saye da sayarwa. Sai dai waɗannan 'yan ƙalilan ne, masu launin da ba a cika gani ba ko sunan wani ɗan ƙaramin kamfani da bai daɗe ba ya rushe. Yawancin abin da ke fitowa kwalaben miya ne da na tawada da na lemo da aka yi miliyoyinsu, kuɗinsu bai kai na abincin rana ba, wasu ma a bakin ramin ake barinsu. Mai ɗaukar bidiyo ba ya nuna maka ranakun da ya dawo hannu rabbana. Maƙwabcina ya tsufa a wannan harka bai taɓa ciyar da gidansa da ita ba, fanshonsa na haƙar kwal yake ci. Kwalbar da aka tono a Najeriya kuwa, wadda aka yi ta a Turai tun farko, irinta na nan jibge a wurinsu, ga kuɗin aikowa, ga fashewa a hanya. Babu ribar da za ta biya wahalar.

Ga kuma hatsari. Toka ba ta riƙe kanta. Mutum ya yi rami ya wuce tsayinsa, ya fara kwarzanar gefe yana bin kwalabe, sai saman ya rufto masa. An rasa rayuka a haka a nan Ingila, kuma dattijon, wanda ya san abin da ruftawar ƙasa take nufi tun yana ramin kwal, ba ya yarda kowa ya shiga shi kaɗai ko ya yi kogo a gefe. Ban da wannan akwai yankan gilashi da tsatsa, da ragowar guba irin ta dalma da arsenik da ke cikin tsohon juji. A wajen doka ma ba sakaka suke ba. Wanda ya yi tono ba da izinin mai fili ba ɓarawo ne a idon hukuma, wuraren tarihi da aka yi wa rajista ba a taɓa su, bakin kogin Thames a Landan sai da takardar izini ake tsince-tsince, kuma tun 1997 suna da tsarin da mai tsintuwa zai kai tsohon abin da ya samu a rubuta shi da inda aka same shi.

Wannan maganar ta inda aka samu ita ce zuciyar wasiƙata. Ina son wannan sha'awa, na kuma ƙaru da ita, amma ba zan ɓoye ba, masu ilimin tono na jami'a, wato masu nazarin tarihi daga abin da ke binne a ƙasa, suna da gaskiya a ƙorafin da suke yi a kan masu tonon kwalabe. Juji hawa-hawa yake, na ƙasa ya girmi na sama. Kwalbar da ke kwance kusa da kwabon da ke ɗauke da shekara, da ƙashin naman da aka ci, da fasasshen kwano, tana gaya maka su wa suka zauna a nan, yaushe, me suke ci, wace cuta ke damunsu. Da zarar an zaro ta an watsar da sauran, ta zama kamar warƙa ɗaya da aka zare daga cikin gafakar malam: rubutun na nan, amma ba ka san wane littafi ba ne, ba ka san abin da ya gabace ta ko ya biyo bayanta ba. Kuma wurin da aka birkita sau ɗaya ya birkitu har abada. Abin da ya bambanta maƙwabcina da wasu shi ne 'yan takardun nan da yake mannawa, da littafin da yake rubuta zurfi da abin da ya gani tare da kowace kwalba. Masu yin haka ba su da yawa.

Mu kuwa ba sai an ba mu labarin wannan ɓarna daga Turai ba, mun riga mun ɗanɗana ta. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kan mutum-mutumi na yumɓu kusa da ƙauyen Nok. A 1943 aka sami wani kan a yankin Jama'a, wanda har an kafa shi a gonar doya don korar tsuntsaye kafin ya kai hannun Bernard Fagg, mutumin da ya gane cewa waɗannan abubuwa na wata tsohuwar al'umma guda ce, kuma shi ya tsaya aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Da 'yan kasuwar Turai suka gane darajarsu, a shekarun 1990 sai ƙauyuka suka fita da diga da shebur, ana biyan matasa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, dillalai suna kwashe kawunan suna kai wa Faransa da Beljiyam. Haka aka yi wa tukwanen kaburburan Bura a yammacin Nijar bayan tonon da wani masani ɗan ƙasar, Boube Gado, ya yi a 1983 ya bayyana su ga duniya. A shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Nok da na Sakkwato da na Katsina da na Bura cikin jerin abubuwan da ake sacewa. Lokacin da masanan Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka fara aiki a yankin Nok a 2005, sun tarar an riga an yi wa galibin wuraren kaca-kaca. Daga ɗan abin da ya tsira ne suka gano cewa mutanen nan suna noman gero da wake. Daga fasassun tukwane kuma, irin waɗanda maharan ke watsarwa don ba sa sayuwa, aka gano a 2021 cewa suna ɗibar zuma tun kimanin shekara 3500 da suka wuce. Allah kaɗai ya san abin da aka zubar a gefen waɗancan ramuka. Matasan da suka yi tonon suna nan a talaucinsu, kayan suna cikin gilashi a gidajen masu kuɗi a ƙetare.

Wani zai ce ina kwalbar Bature ina kan Nok. Gaskiya ne ba ɗaya suke ba a shekaru ko a daraja. Amma hannun da ya saba soka shebur a kufai don neman abin sayarwa ba ya tsayawa a kwalba.

Sannan jujinmu ba irin nasu ba ne. Mu ba mu taɓa ɗaukar kwalba a matsayin shara ba. Ina yaro a Minna, kwalbar da lemo ya ƙare a ciki sai ta koma mudun kananzir ko na man gyaɗa ko manja, har yau kuma da kwalba ake ciniki a kasuwa. A cikinta ake ɗura soyayyar gyaɗa, a cikinta malam ke ajiye tawada, in ta fashe a kafa ta a kan katanga. Masu sayen kwalabe suna bi gida-gida. Wadda ta kuɓuce wa duk wannan tana iya ƙarewa a Bida, a unguwar Masaga, inda Nufawa masu sana'ar gilashi ke narkar da kwalabe su yi duwatsun wuya da awarwaro. Kafin kwalaben Turai su yawaita, kakanninsu da kansu suke dafa gilashinsu daga yashi da kanwa. Shi kansa jujin ma ba ya zama wuri ɗaya, domin a ƙasar Kano da kewaye jakuna ke kwashe shi da rani a mangala a kai gona a matsayin taki. Don haka duk wanda ya ce zai tono tsohon gidan kakanninsa ya cika buhu da kwalabe masu lafiya, wahala kawai zai sha, ya kuma rusa abin da ba zai iya mayarwa ba. Kada mu manta cewa a gidaje da yawa na da, a cikin gida ake binne manya. Mai tonon da bai san wurin ba yana iya buɗe kabarin bawan Allah.

Inda kwalabe za su taru a ƙasarmu su ne wuraren da Turawa da ma'aikatansu suka zauna: Lakwaja, inda aka ɗaga tutar Ingila ranar 1 ga Janairun 1900; Baro, inda layin dogon da ya isa Kano a 1911 ya faro daga bakin Kwara; sansanonin kuza na Bukuru da kewaye; da Zungeru, hedikwatar Arewa daga 1902 har aka koma Kaduna wajen 1917. Waɗannan wurare su ne nake jin tsoro a kansu. Tarihin Zungeru da ke cikin fayil a ma'ajiyar takardu ta Kaduna na Gwamna Lugga ne da razdanoninsa. Amma garin cike yake da sojoji Hausawa da Yarbawa, da kuku da boyi, da leburorin reluwe, da akawuna daga kudu irin mahaifin Nnamdi Azikiwe, wanda a can aka haifi ɗan nasa a 1904. Da matansu, da masu sayar musu da tuwo. Waɗannan ba su bar fayil ba. Abin da suka bari yana cikin ƙasa a bayan inda bukkokinsu suke.

Bari in ba da misali ɗaya, ko da yake na san wasu za su ce me ya haɗa Musulmi da kwalbar barasa. Akwai koriyar kwalba mai kusurwa huɗu ta barasar jin, wadda a zamanin Turawa ake kawowa daga Schiedam ta ƙasar Holan da Hamburg ta Jamus. A kudancin Najeriya ta yawaita har ana ciniki da ita a madadin kuɗi, kuma harajinta na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin gwamnatin mulkin mallaka. A Arewa kuwa, bisa yarjejeniyar Brussels ta 1890, an hana sayar wa 'yan ƙasa ita, Turawa kuwa aka yarje musu shan abinsu. Masana tarihi sun yi rubutu a kan fasa-ƙwaurinta ta kogi da ta jirgin ƙasa. To, in aka sami irin wannan kwalba a jujin gidan razdan, ba wani labari ba ne. In kuwa aka same ta da yawa a jujin barikin lebura, a hawan da ya yi daidai da shekarun hanin, wannan shaida ce a kan yadda dokar ta yi aiki ko ta kasa, da yadda zuwan jirgi ya canza zaman mutane. Kwalbar ɗaya ce a wuraren biyu. In yaro ya tono ta ya kai wa dillali a Minna, shaidar ta tafi, saura koren gilashi kawai. Haka 'yar kwalbar turaren Bintu Sudan, wanda kamfanin W. J. Bush na Landan ya fara yi a 1920 kafin daga baya a riƙa haɗa shi a Kano. Inda ta fara bayyana a jujin wani ƙauye yana nuna lokacin da kuɗin gyaɗa da fatauci suka fara shiga ɗakunan matansa.

Ya kamata matasa su sani kuma cewa dokarmu ba ta yi shiru ba. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana tonon neman kayan tarihi ba tare da izini ba, ta hana sayar da su ga wanda ba wakilin da hukuma ta amince da shi ba, ta kuma hana fitar da su waje ba takarda. Dillalin da zai zuga yaro ya yi tono ba shi za a kama da shebur a hannu ba.

Ba ina cewa a hana matasa sha'awar abin da ke ƙarƙashin ƙasarsu ba ne. Na fi kowa murna da yaron da ya ga tsingaro ya tsaya yana tambayar na wane ne. Wanda ya tsinci kwalba ko kwabo ko tukunya a gona ko a bakin zaizayar ruwa, ya ɗauki hotonta a inda take kafin ya taɓa ta, wayar hannu ma tana nuna daidai wurin. Ya rubuta abin da ke kusa da ita, ya sanar da mai unguwa, sannan a kai labari gidan tarihi mafi kusa, ko na Kaduna ko na Jos ko Gidan Makama a Kano. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen ilimin tono, kuma ina kira ga malamanta da su dubi waɗannan garuruwa na zamanin reluwe da kuza, su ɗauki matasan wurin aiki su biya su, su koya musu yadda ake buɗe ƙasa hawa-hawa ana rubutawa. Yaron da aka biya ya yi tono da ilimi shi ne zai tsare wurin in baƙo ya zo da kuɗi.

Ina kuma roƙon magina da 'yan kwangila, musamman a birnin Kano da Zariya da Katsina inda ake cike tsofaffin kududdufai ana gini a kansu. Waɗannan ramuka sun shekara aru-aru suna haɗiye abin da unguwa ta zubar, su ne kusan kaɗai jujin da jakuna ba su kwashe ba. In kuna haƙa harsashi kuka ci karo da tarin tsingaro ko tsofaffin kwanoni da kwalabe, ku dakata na yini guda a kira wanda ya sani ya duba kafin a zuba kankare.

Kai kuma Edita, ina roƙon ka tura wakilinka Baro da Bukuru ya ɗauko mana hoton halin da tsofaffin gine-ginen ke ciki, ya zauna da tsofaffin ma'aikatan reluwe da na kuza da suka rage su nuna masa inda kowane bariki yake da inda ake zubar da shara. Ya kuma biya ta Masaga ya tambayi masu narkar da gilashi irin kwalaben da iyayensu suka fi so da inda suke samo su, a buga mana a jarida.

Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka. Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Mai karatu,
Barnsley, Ingila.